Agogon Safiyo a Bahon Rukayat

Ƙusa aka fara tararwa tsirara. Ƙusar nan da ke jikin bango kusa da igiyar shanya, a gidan hayar Hajiya Amatullah da ke Maitumbi, inda Ezekiel safiyo, mai awon ƙasa, yake rataye agogonsa kullum da safe kafin ya shiga wanka. Ranar Asabar ɗin ya fito da tawul a wuya, ya miƙa hannu, sai ƙusa. Ya duba ƙasa, ya duba kwata, ya sake duba ƙusar. Sannan ya ɗora hannu a ka ya kwarma ihun da ya fito da kowa daga ɗakinsa, har da waɗanda ba su gama ɗaura zane ba.

Agogon ba irin na 'yan gayu ba ne. Baƙi ne, ƙato, mai kama da ɗan kunkuru, madaurinsa roba, fuskarsa lambobi zalla. Ya taɓa faɗowa daga kan dutse bai ko tsage ba. Yana faɗin tsayin tudun da mutum ya hau, da gabas da yamma, da zafin gari, yana kuma jin nauyin iska har ya san ruwa na tafe. Matan gidan ba ruwansu da tudu. Abin da suka sani shi ne, kafin mace ta shanya gari ko ta jiƙa wanki, sai ta leƙo ta ce, "Safiyo, me agogo ya ce?"

Bai kuwa tashi ɓata ba sai ranar walimar bikin Yasmin, autar Hajiya.

Hajiya ta sauko daga bene tana huci. Ba ta tambayi kowa komai ba. Ta wuce ƙofar gida ta garƙama kwaɗo, ta ƙulle makullin a haɓar zanenta.

"Shiga a shiga, fita babu," ta ce. "Surukaina za su iso da la'asar. Ba za su tarar da ɓarawo a gidana ba. Wa ya je wajen igiyar nan da safe?"

Ba wanda ya kira suna. Idanu ne kawai suka taru wuri ɗaya kamar ƙuda ya ga mangwaro, suka sauka a kan Rukayat mai wankau, wadda mijinta ya rasu shekara biyu da suka wuce, take ci da kanta da tsohon ubanta da wanki da guga.

"Shanya na kwashe, Hajiya," in ji Rukayat. "Wallahi ban ma kalli bangon ba."

"Kya faɗa wa 'yan banga. In la'asar ta yi agogo bai fito ba, su za su tafi da ke, ku kuma kwashe komatsanku. Zauna can kan bencin nan inda kowa zai gan ki."

Rukayat ta ajiye bahon kayan da ta ninke a gindin matakalar bene, ta je ta zauna.

*

Uban nata, Baba Ndakotsu, yana tsaye a ƙofar ɗakinsu riƙe da sandarsa. Shekara talatin ya yi yana bin sawun shanu da awakin sata a dazukan Paiko. An ce yakan dubi kofato a ƙasa ya faɗa maka ko saniyar gurguwa ce, ko mai janta ya gaji. Da gwiwa ta ƙi, daji kuma ya ƙi zaunuwa, sai ya dawo gari wajen 'yarsa.

Ya dubi tsakar gidan. Siminti daga bango zuwa bango, an share shi tas tun asuba saboda biki. Ko tururuwa ba ta bar masa sawu ba. Katanga ta fi tsayin mutum biyu, da fasassun kwalabe a kanta. Kwana uku ba wuta a unguwar, zafin farkon damina ya zauna a gidan kamar an kifa tukunya, janaretan da aka hayo don biki kuwa yana ta ruri a saman bene.

Ba 'yan bangan ne suka fi damunsa ba. Ya san mai wankau da aka kira ɓarauniya ta gama sana'a. Wa zai ƙara ba ta rigarsa?

Ya ja ƙafa zuwa wajen Ezekiel, wanda ya zauna a dokin ƙofarsa ya rafka tagumi.

"Safiyo, ka ce agogon nan ba ya tsoron ruwa?"

"Ko cikin rijiya ka jefa shi, Baba."

"To me ke sa ka cire shi in za ka yi wanka?"

"Ba don wankan ba ne. In yana hannuna, zafin jikina yake ji, sai ya yi mini ƙarya. Dole in rataye shi kamar minti ashirin ko talatin, ya huce, sannan ya faɗi zafin gari na gaskiya."

"Ashe shi ma sai ya huce yake faɗin gaskiya."

"Baba, ni ban ce Rukayat ce ba fa. Yayana ne ya kawo mini shi, kuma da shi nake aiki a kan tudu. Ihu kawai na yi."

"Ihun ya isa," in ji Ndakotsu.

*

Na farkon da Ndakotsu ya zarga Zakiyyu ne, mai tuƙa Keke Napep. Kekensa a tsakar gidan yake kwana, kuma tun da aka kulle ƙofa yake ta zagaya shi kamar kazar da ke jin ƙwai. Sau biyu Ndakotsu ya ga ya taɓa kujerar baya yana waige-waige. Kowa kuma ya san sau nawa ya roƙi Safiyo ya ba shi agogon ya ɗaura ya ɗauki hoto.

"Zakiyyu, ɗaga kujerar nan."

"Haba Baba, ni ma? Ga fasinjojin Asabar can suna wuce ni, an kulle ni kamar akuya, kuma..."

"Ɗaga."

Zakiyyu ya leƙa ɗakinsa ya ga labule a sake, sannan ya ɗaga kujerar kaɗan. Kwalin sigari ne da ashana.

"Don girman Allah, Baba, ka rufa mini asiri. Tun azumi na rantse wa uwargida na daina."

Ndakotsu ya yi masa alama ya saki kujerar. Daga nesa ya ji idon Rukayat a kansa, bai iya juyawa ya kalle ta ba.

Ta biyu ita ce Helen, wadda ake kira Maman Praise, mai sayar da zoɓo da kunun aya. Ɗakinta ne ya fi kusa da ƙusar, bakinta kuma ba ya rufuwa sai in tana barci, shi ma wasu sun ce ba kullum ba.

"Ni dai, Baba, ba na son in shiga maganar mutane," ta fara, tana gyara zama. "Amma da idona na ga 'yarka a wajen igiya. Abin duniya, mutum yana cikin wahala, sai shaiɗan ya..."

"Bayan ita wa kika gani?"

"Kowa ma ya wuce. Masu girki suna ta hawa da sauka. Goggo Sakinatu ma ta sauko neman wuƙa."

Goggo Sakinatu yayar Hajiya ce, ta zo daga Limawa tun ranar Laraba don ta riƙe girkin biki. Tsohuwa ce gajera, mai faɗa kamar barkonon tsohuwar gona.

"Ai jiya ta kusa cinye Safiyo ɗanye," in ji Helen tana dariya. "Ya duba agogo ya ce iska ta sauka, gobe da yamma akwai ruwa. Goggo ta ce bakinsa ya sari ɗanyen kashi. Wai tun da ta zo, duk ranar da ya rataye abin nan yana kallon sama, sai hadari ya haɗo."

Ndakotsu ya ji maganar, amma bai ɗauke ta a bakin komai ba. Tsohuwa da faɗa ai ba labari ba ne.

*

Rana ta take. An bincike ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, an ɗaga katifu, an zazzage buhunan gari. Asirai da yawa sun fito waɗanda ba a nema ba, agogo dai shiru. Inuwar da ke kan bencin Rukayat ta janye ta bar ta cikin rana, ba ta ko motsa ba. Masu kawo kujeru suka shigo, aka ce su ma ba fita. Mutum ya kai talatin a tsakar gida ɗaya, kowa na zufa, kowa na hararar kowa.

Ana gab da kiran azahar Helen ta ce, "To wai bahon can fa, an duba shi?"

Ba ta jira amsa ba. Ta tsuguna a gindin matakala ta fara ɗaga riguna. A ƙarƙashin ta uku, cikin ninkin wata farar shadda, sai ga kunkuru kwance.

Gidan ya ɗauki salati da ihu. Rukayat ta miƙe zumbur, ta koma ta zauna.

"Ga shi nan!" in ji Hajiya daga saman matakala. "Shekara huɗu ina zaune da ɓarauniya! Zakiyyu, kira mini 'yan banga a waya."

"A ba ni in gani," in ji Ndakotsu.

"Ka ga me, Baba?" in ji Hajiya. "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima."

"Ni dai a ba ni."

Ezekiel ya karɓa daga hannun Helen ya miƙa masa. Yana sauka a tafin tsohon, sai ya ji wani abu ya tsarga masa har kafaɗa. Agogon da sanyi. Bahon ƙarfe ne, ya wuni a rana, ko gefensa ba a iya taɓawa, rigunan ciki kamar yanzu aka ɗauke dutsen guga daga kansu. Amma agogon sanyi ƙalau, gilashinsa ya yi raɓa. Ya ɗaga farar shaddar. Inda agogon ya kwanta ya jiƙe, jiƙon kuma ba fari ba ne, da ɗan ja-ja a gefensa. Ya kai hanci. Ƙarnin ɗanyen kaza.

"Safiyo, tambaye shi zafin gari."

Ezekiel ya danna. Ya ƙura ido, ya goge gilashin da babban yatsa, ya sake dubawa.

"Sha huɗu. Baba, ba zai yiwu ba. Yau ai mun haura talatin da shida."

"Mayar da shi ƙusarsa. Ka tsaya a wajen, ka riƙa faɗa mini."

Kowa ya zuba wa ƙusar ido. "Sha shida," in ji Ezekiel. Can kuma, "Sha tara." Ndakotsu ya gyaɗa kai. Haka raɓa take bushewa a cikin sawun kofato, mai ido ya san yaushe dabba ta wuce. A karon farko tun safe ya ji ƙasa a ƙarƙashin ƙafarsa.

"Kular zoɓon Maman Praise!" in ji Zakiyyu. "Ita ke da ƙanƙara, ita kuma ta gano shi!"

"Ni? Allah ya isa! Zo ka duba, munafuki!"

Ta jawo kular da kanta ta buɗe. Ndakotsu ya tsoma hannu. Ƙanƙarar ta narke tun shekaranjiya, ruwan ciki ɗumi kamar na wankan jariri, zoɓon ma ya fara tsami. Ba ita ba ce.

Ya ɗaga kai ya dubi saman bene, inda wayar janareta ta shiga ta taga. Hajiya ta ga inda yake kallo. Ta sauko da sauri, ba irin saukowar ɗazu ba.

"Baba, zo mu yi magana."

*

Ta ja shi lungun bayan tankin ruwa, ta rage murya.

"Agogo dai ya fito, alhamdu lillahi. A bar maganar haka. Ba 'yan banga, ba tashi. Ku zauna a ɗakinku."

"Wa ke da makullin firizar kajin biki, Hajiya?"

"Na ce a bar maganar."

"Ke ce, ko Goggo?"

Hajiya ta shiga murza haɓar zanenta. Ita ma sai yanzu ta gane, ga alama, don fuskarta ta yi kamar an watsa mata toka.

"Yayata ce, Baba. Ita ta raine ni. Yau bikin 'yata. Kana so in tsaya gaban masu kawo kujeru in tozarta ta? Ka yi tunani. Ɗaki a Maitumbi yanzu ba a samunsa da wasa, ga ka da gwiwa."

Ndakotsu ya jingina da sandarsa. Gaskiya ta faɗa. In ya yi shiru, suna da ɗaki, 'yarsa kuma ɓarauniya ce da aka yafe wa. In ya yi magana, wataƙila ƙarshen wata ya same su da tabarma a ka. Ya leƙa ta gefen tankin. Rukayat tana nan kan benci, mata biyu da ke ba ta wanki sun matsa nesa da ita, ɗaya har ta ɗauke ƙullin kayanta ta rungume.

"Hajiya, a tsakar gida kika kira ta ɓarauniya, da ƙarfi. Ba za a wanke ta a bayan tanki ba."

*

Ya sa aka tara kowa a gindin matakala. Ezekiel, Zakiyyu, Helen, masu girki, masu kujeru. Aka kira Goggo Sakinatu ta sauko da ludayi a hannu, tana mitar an raba ta da miya.

"Safiyo, yanzu nawa?"

"Talatin da ɗaya, Baba."

"Kun ji. Cikin ɗan lokacin nan ya tashi daga sha huɗu. Ke nan sa'ad da aka same shi, bai daɗe da fitowa daga sanyi ba. Rukayat kuwa tun ƙarfe takwas tana kan bencin can. Akwai wanda ya ga ta tashi?"

Aka dubi juna.

"Ko fitsari ba ta je ba," in ji Helen a hankali.

"Kwana uku ba wuta. A gidan nan wuri ɗaya ne ke da sanyi, kuma kaji ne a ciki. Ga jininsu a jikin shaddar mutane. Wanda ya sauko da kaji ɗazu, ya wuce ta gefen bahon nan, shi ya san sauran. Ni ban kira suna ba. Ina ba mai shi girmansa, ya faɗa da bakinsa."

Ya jira. Hajiya ta sunkuyar da kai. Zufa ta gangaro wa tsohon har cikin ido, bai share ba. Masu girki suka fara satar kallon Goggo.

Goggo ta buga ludayi a ƙarfen matakala.

"To ni ce! Sai me? Sata na yi? Ajiya na yi! Ku duka makafi ne? Abin nan duk safiya a rataye shi yana kallon sama yana kiran hadari, ranar bikin 'yata kuma in zuba ido? Na ce bari in sa shi inda ba zai ga sama ba, ya daskare, in an watse in mayar masa."

"Goggo, ba kiran ruwa yake ba," in ji Ezekiel kamar zai yi kuka. "Faɗa kawai yake."

"Rufe mini baki! Da wanda ya faɗa da wanda ya kira duk ɗaya ne."

Zakiyyu ya fashe da dariya, wasu suka taya shi. Ndakotsu bai yi ba.

"Ajiyar na ji, Goggo. Bahon fa?"

Tsohuwa ta dubi ludayinta.

"Cewa aka yi in an gama ƙasa za a hau sama a duba," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Na ce tun da ita an riga an ce ita ce..."

Ba ta ƙarasa ba. Dariyar ma ta tsaya.

Ndakotsu ya juya ga Hajiya. Ya tsaya yana jira. Hajiya ta dubi yayarta, ta dubi taron.

"Rukayat ba ta ɗauki komai ba," ta ce.

"Masu kujeru na baya ba su ji ba, Hajiya."

Hajiya ta watsa masa wani kallo da zai iya dafa ƙwai. Sannan ta ɗaga murya yadda ta ɗaga da safe. "Na ce Rukayat ba ɓarauniya ba ce! Ni na yi mata ƙazafi. Kowa ya ji?"

Ta kwance makulli ta jefa wa Zakiyyu, ta haye sama ba ta waiwayo ba. Sai a lokacin Rukayat ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka.

*

Hajiya ba ta tashe su ba. Ina za ta iya, Maitumbi kaf ta san dalili? Amma daga ranar ba ta ƙara amsa gaisuwarsu ba, in ta sauko sai ta bi ta ɗaya gefen tankin. Su ma sun nemi wani ɗakin har sun gaji, ba su samu ba. Haka suke zaune, mai gida a sama, su a ƙasa, kowa ya san abin da ya sani.

Ranar Litinin da hantsi Rukayat tana hura gawayin guga, sai ga Helen da ƙullin kaya a ka, wandunan mijinta da rigunan coci. Ta dire a gabanta.

"Maman Praise, ki laluba aljihunan tukuna," in ji Rukayat ba tare da ta ɗago ba. "Kada wani abu ya ɓata."

Helen ta tsaya tana murza yatsu. 

"In kin ga wani abu ki ajiye mini," ta ce, ta juya ta tafi.